Ɗan Majalisar Dokokin Jihar Katsina: Tambayoyin Masu Zaɓe da Amsoshinsu

In ka cire kansila da ciyaman, babu wanda muke zaɓa da ya fi ɗan majalisar jiha kusa da mu. Mun san gidansu, mun san mahaifinsa, wani ma tare muka yi firamare da shi. Amma tsaya a bakin kasuwar Daura, ko a teburin mai shayi a Ƙofar Soro cikin birnin Katsina, ka tambayi mutum goma mene ne aikinsa. Da wuya biyu su ba ka amsar da ta wuce "taimakon jama'a". Wannan abu ya daɗe yana damuna, domin mutum ba ya tuhumar ɗan aikensa kan saƙon da shi kansa bai san ya ba shi ba. Ga tambayoyin da na fi ji a bakin mutanenmu, da abin da na sani game da su.

Mutum nawa ne a majalisar, kuma wa suke wakilta?

Mutum 34 ne, daidai da yawan ƙananan hukumomin jihar: daga Sabuwa da Ɗandume a kudu har Baure da Zango a arewa maso gabas. Tsarin mulkin 1999 ya ce majalisar jiha kada ta gaza mutum 24, kada ta wuce 40. Wa'adinsu shekara 4 ne, kuma ba a ƙayyade musu yawan tazarce ba kamar yadda aka yi wa gwamna.

Kada a haɗa su da waɗanda muke turawa Abuja. Katsina na da 'yan Majalisar Wakilai 15 da sanatoci 3, na shiyyar Katsina da Daura da Funtua. Duka "Onarabul" muke ce musu ko "Sanata", shi ya sa ake yawan kai wa na jiha ƙorafin da ya shafi tarayya, ana kai wa na tarayya ƙorafin asibitin ƙauye.

Wa ya cancanci tsayawa takara?

Ɗan Najeriya mai shekara 25 zuwa sama, wanda ya yi karatu har matakin sakandare ko makamancinsa, kuma wata jam'iyya ta tsayar da shi. Da shekara 30 ne, sai a 2018 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran da ya rage wa matasa shekarun takara. Ma'aikacin gwamnati dole ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Wanda ya gabatar wa INEC takardar shaidar bogi, ko ɗan ƙungiyar asiri, bai cancanta ba.

Wannan a takarda ke nan. A zahiri ta wace hanya ake kaiwa ga kujerar?

Yawancin waɗanda na gani sun biyo ɗaya daga cikin 'yan hanyoyi sanannu. Akwai wanda ya fara daga kansila, ya zama ciyaman ko sakataren ƙaramar hukuma, sannan ya nemi majalisa. Akwai malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da jama'a suka san shi da kirki. Akwai ɗan kasuwa da ya tara abin hannu. Akwai kuma yaron babban ɗan siyasa da ya yi shekaru yana riƙe jakar maigidansa har aka ce lokacinsa ya yi.

Ko ta ina mutum ya biyo, mashigar ɗaya ce: tikitin jam'iyya. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin majalisar jiha a kan naira miliyan 2, tun kafin a zo maganar fosta da motoci da ihsanin daliget. A wancan lokaci Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba jam'iyyu hanya uku ta fid da gwani: 'yar tinƙe ta dukan 'yan jam'iyya, zaɓen daliget, ko maslaha. Ta kuma ce kada ɗan takarar majalisar jiha ya kashe fiye da naira miliyan 30. A jiha irin tamu, inda jam'iyya ɗaya kan kwashe mafi yawan kujeru, zaɓen fid da gwani shi ne babban zaɓe. Kuma a nan ne jama'a suka fi yin sakaci. Sai a bar mutum kaɗan su yanke hukunci a cikin ɗaki, ranar zaɓe kuma a fito ana dangwala wa alamar jam'iyya tun daga sama har ƙasa.

Dalilin da ya sa na tsaya a nan: wanda uban gida ya ɗauko ya ɗora, idonsa na kan uban gidan. Wanda gundumomi suka tsayar, ya san inda zai koma neman alfarma bayan shekara huɗu. Yadda mutum ya samu tikiti kan nuna yadda zai zauna a kujera.

To mene ne ainihin aikinsa?

Yin doka, amincewa da kasafin kuɗi tare da bin diddigin yadda aka kashe shi, da kai kukan mazaɓarsa zauren majalisa. Bayan waɗannan, majalisa ce ke tantance kwamishinoni, ita ke tabbatar da naɗin Babban Jojin jiha da Babban Mai Binciken Kuɗi, ita ke yin dokar da ta tsara ƙananan hukumomi. Ko tsarin mulkin ƙasa ba ya gyaruwa sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. Tsarin mulki ya wajabta mata zama na aƙalla kwana 181 a shekara.

Yawancin aikin ba a zauren da ake nunawa a talabijin ake yinsa ba. A kwamitoci ake yi: na ilimi, na lafiya, na ruwa, na noma, na kasafi, na asusun gwamnati. Sashe na 128 da 129 na tsarin mulki sun ba majalisa ikon kiran kowane kwamishina ko shugaban hukuma ya zo da takardu ya yi bayani, kuma in ya ƙi za ta iya sa a kawo shi. Wannan iko ne babba, kuma shi ne aka fi bari yana kwana.

Yaya ƙuduri ke zama doka?

Ko dai gwamna ya aiko da shi, ko wani ɗan majalisa ya gabatar da nasa. Za a yi karatu na farko, a yi na biyu inda ake muhawara, a miƙa wa kwamiti, wani lokaci a kira taron jin ra'ayin jama'a, sannan karatu na uku. Gwamna na da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa za su iya sake zartar da shi ya zama doka ba tare da shi ba.

A lura da bambanci tsakanin doka da ƙudurin jan hankali. In ka ji a rediyo an ce wakilinku ya miƙe ya roƙi gwamnati ta gyara gadar garinku kuma majalisa ta amince, wannan kira ne, bai ɗaure gwamnati ba. Yana da amfani, amma gada ba ta ginuwa sai an sa ta a kasafi kuma an saki kuɗin.

Me ya sa kake ta nanata maganar kasafi?

Domin a nan ne wakili nagari ke rabuwa da ɗan rakiya. Gwamnati ba ta da ikon taɓa kuɗin jiha sai da dokar da majalisa ta yi. Gwamna kan kawo kasafi a ƙarshen shekara, ma'aikatu su zo su kare nasu a gaban kwamitoci. A waɗannan makonni ne ake yanke ko asibitin garinku zai samu ungozoma, ko hanyar da ke kai amfanin gona kasuwar Mai'aduwa ko ta Caranci za ta shiga lissafi.

Sa aiki a kasafi rabin tafiya ne. Na san wata firamare a wani ƙauye da ke arewa da mu wadda iska ta kwashe rufin azuzuwanta biyu. Damina biyu ana ce wa iyaye an sa ta a kasafi, yara kuwa na zaune a gindin bedi, ruwa na saukowa a tashe su. Babu wanda ya je ya tambayi ma'aikata nawa aka saki, wa aka ba kwangila. Wannan tambaya ita ce aikin ɗan majalisa, kuma ba ya buƙatar sisin aljihunsa kafin ya yi ta. Haka nan rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi, majalisa ake kai wa, kwamitin asusun gwamnati ne ke da alhakin dubawa. Ka taɓa jin wakilinku ya ambaci wannan rahoto?

Amma ai muna ganin suna gina rijiyoyin burtsatse da rabon babura. Ba shi ne aikin ba?

Abin da ake kira ayyukan mazaɓu ke nan, kuma tsarin mulki bai ambace su cikin aikin majalisa ba. Al'ada ce da ta ginu tsakanin ɓangaren zartarwa da 'yan majalisa. Ba na raina rijiya; wanda ya taɓa ganin mata da yara na layin ruwa tun asuba a watan Afrilu ba zai raina ta ba. Sai dai ina roƙon a riƙa tambaya biyu. Kuɗin na wane ne? In na gwamnati ne, haƙƙinku ne aka ba ku, ba kyauta ba. Sannan bayan shekara, rijiyar na ba da ruwa? Wani haɗarin kuma shi ne, wanda ke jiran gwamna ya sakar masa kuɗin aikin mazaɓa, bakinsa kan yi nauyi ranar da ya kamata ya tuhumi gwamnati.

Laifi ne in na je gidansa neman kuɗin magani ko na suna?

Ba zan ce laifi ne ba. Wanda matarsa ke kan gwiwa kuma asibiti ya ce a kawo kuɗi, duk ƙofar da ya gani zai buga, kuma a al'adarmu mai hali ba ya korar mai buƙata. Su ma 'yan majalisar na san suna ɗanɗana kuɗarsu: tun bayan sallar asuba ƙofar gida ta cika, wannan da takardar likita, wancan da kuɗin jarrabawa, ga na azumi, ga na Sallah. Babu albashin da zai ɗauki ƙaramar hukuma guda.

Abin da nake tsoro shi ne mu mai da wannan ma'aunin zaɓe. Wakilin da ya biya wa mutum ɗari kuɗin magani ya yi alheri, Allah ya saka masa. Wanda ya tsaya har aka zuba magani da ma'aikata a asibitin gunduma ya raba dubbai da zuwa ƙofar kowa. Jihar na da gundumomi 361. Da kowace na da asibiti mai aiki dare da rana, da layin ƙofar Onarabul ya ragu da kansa.

A kan tsaro fa, me ɗan majalisar jiha zai iya?

Soja da 'yan sanda na tarayya ne, ba shi da ikon ba su umarni. Amma wanda ke wakiltar Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa ko Ɗandume ba shi da wata magana da ta gabaci wannan. Mutanensa sun bar gonaki, wasu sun bar garuruwa. Duniya ta ji labarin ɗalibai fiye da 300 da aka sace a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. Waɗanda aka ɗauka ɗaya-ɗaya a hanyar gona, wakilinsu ne kaɗai zai ambace su a zaure.

Akwai abin da ke hannun majalisa. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 da dokar majalisa aka kafa ta, kuma majalisa ce ke amincewa da kuɗinta. Saboda haka haƙƙinta ne ta tambaya: ana biyan waɗannan matasa a kan lokaci? Iyalan waɗanda suka rasu a bakin aiki, wa ke kula da su? In an zarge su da wuce gona da iri, ina talaka zai kai ƙara? Ga 'yan gudun hijira da marayu, ga makarantun da aka rufe, ga burtali da makiyaya da aka cinye wanda yana cikin tushen rikicin. Duk waɗannan maganar doka ce da kasafi.

In ba tsaro ba, me ya kamata wakili ya sa a gaba?

Ya danganta da inda ya fito, kuma ina shakkar duk ɗan takarar da alƙawuransa za su dace da kowace ƙaramar hukuma. A ƙasar Daura damuwarmu ruwa ce da ƙasa: damina gajera, zaizayar ƙasa, hamada na matsowa. Ga madatsun Sabke da Daberam, ga Zobe a Dutsin-Ma da ta Jibiya, amma matasanmu na tafiya cirani da zarar an gama girbi saboda noman rani bai kai yadda ya kamata ba. Mutanen kan iyaka, Kongolam da Magama, sun ga yadda kasuwa ta mutu da aka rufe boda a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar a 2023. Buɗe boda ba ikon majalisar jiha ba ne, amma rage wa 'yan kasuwa yawan haraji da shingaye na cikin gida ikonta ne. A shiyyar Funtua maganar masara ce da auduga da taki da hanyoyin karkara. A birnin Katsina kuwa ruwan famfo daga Ajiwa, magudanai, filaye, da matasa marasa aikin yi da shaye-shaye ke ci.

Abu ɗaya da ya haɗa mu duka shi ne firamare. Muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da kwalejin Hassan Usman, da ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, da ta Yusuf Bala Usman a Daura, amma yaron da ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙa ba, babu wadda zai shiga cikinsu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi tallafin tarayya. Wakilin da ke bin wannan kuɗi, yana ƙirga malamai da ɗalibai a makarantun mazaɓarsa, ni shi zan zaɓa ko bai taɓa ba ni ko goro ba. Jihar ta samu dokar kare haƙƙin yara a 2020, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari; saura a ga majalisa na bin yadda ake aiki da ita.

Gaskiya ne cewa majalisun jihohi 'yan amshin shata ne?

Zargin na da tushe. Shekaru da dama majalisa sai ta roƙi gwamna kuɗin gudanar da kanta. An gyara tsarin mulki a 2018, aka ƙara ƙarfafa gyaran a 2023, domin kuɗinta ya riƙa zuwa kai tsaye. Amma tikitin tazarce har yanzu yana hannun masu jam'iyya, kuma kowa ya san wane ne jagoran jam'iyya a jiha.

Ba kullum haka take ba. Kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba 1987, muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Majalisar wancan lokaci, wadda NPN ke da rinjaye kuma Mamman Abubakar Ɗanmusa ke shugabanta, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa na PRP, daga bisani ta tsige shi a Yunin 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Har yau dattawa na saɓani kan ko an yi adalci, kuma da yawa na ganin gaba ce ta jam'iyya. Ba wannan nake wa Katsina fata ba. Na kawo shi ne don a ga girman ikon da ke cikin zauren. Tsakanin majalisar da ke hana gwamna motsi da wadda ba ta taɓa cewa "dakata mu duba" akwai fili mai faɗi.

Me ya sa kakakin majalisa ya kan fito daga shiyyar Daura?

Ba doka ba ce, rabon muƙamai ne na siyasa. An daɗe gwamna da mataimakinsa na fitowa daga shiyyoyin Katsina da Funtua, sai a bar wa ta uku shugabancin majalisa. Ya'u Umar Gwajo-Gwajo daga Mai'aduwa ya riƙe a zamanin Ibrahim Shema, Tasi'u Musa Maigari daga Zango ya riƙe har 2023, sannan aka zaɓi Nasir Yahaya Daura a Yunin 2023. 'Yan majalisa ne ke zaɓen kakaki a tsakaninsu, kuma kashi biyu bisa uku na iya sauke shi.

Za mu iya yi masa kiranye? In ya sauya sheƙa fa?

Sashe na 110 na tsarin mulki ya yarda, amma hanyar na da wuya. Sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a Kogi a 2018 a matakin tantance sa hannu ya mutu. Sauya sheƙa kuwa, sashe na 109 ya ce mutum zai rasa kujerarsa in ya bar jam'iyyar da ta kawo shi, sai in jam'iyyar ta rabu gida biyu ko ta haɗe da wata. Haka in ya yi fashin fiye da kashi ɗaya bisa uku na kwanakin zama a shekara ba da hujja ba. Amma kakaki ne ke ayyana kujerar a matsayin wadda babu kowa, shi ya sa abin kan tsaya a takarda. Kuma ɗan majalisa ba shi da rigar kariya irin ta gwamna. Ana iya gurfanar da shi a kotu yana kan kujera.

Akwai mata a majalisar?

Zaɓen 18 ga Maris 2023 bai kawo mace ko ɗaya ba. A ƙasar da ke da tarihin sarauniya Daurama ta Daura, kuma a jihar da mata ke cika layin zaɓe tun safe, wannan abin dubawa ne. Maganar mutuwar mata wurin haihuwa da karatun 'ya'ya mata ana yanke ta ne a ɗakin da babu wadda ta taɓa naƙuda.

Daga majalisar jiha ina ake zuwa?

Wasu na wucewa Abuja. Ɗanmusa ya zama sanata a 1983, Abubakar Yahaya Kusada kuma daga kujerar kakaki ya tafi Majalisar Wakilai a 2018. Wasu na zama kwamishinoni ko masu ba gwamna shawara. Da yawa kuwa zango ɗaya suke yi a canza su, sau da dama saboda karɓa-karɓa tsakanin gundumomi. Wannan na da nasa amfanin wurin zaman lafiya, amma yana da asara: mutum na fara gane yadda ake karanta kasafi sai a kawo sabo ya fara daga baƙi.

Ni talaka, ta yaya zan san ko nawa na aiki, kuma yaya zan isar masa da kuka?

Tambaye shi abin da ke da amsa. Yallaɓai, wane kwamiti kake ciki? Wane ƙuduri ka kawo da sunanka? Me aka sa wa ƙaramar hukumarmu a kasafin bana, nawa aka saki a na bara? Yaushe rabonka da shiga asibitin gundumarmu ba tare da 'yan rakiya ba? Wanda ke aiki zai ji daɗin waɗannan tambayoyi, domin ba kasafai ake yi masa su ba.

In kuka ne da ku, kada ku je ɗaya-ɗaya. Ku haɗu, ƙungiyar ci gaban gari ko ta iyayen yara ko ta manoma, ku rubuta takarda da Hausa ko Turanci, ku faɗi wurin da abin yake da tun yaushe, ku haɗa da hoto, mai unguwa da liman su sa hannu in sun yarda. Ku ba wakilinku ya gabatar a zaure, ku kai kwafi ofishin akawun majalisa a Katsina a buga muku hatimin karɓa, ku riƙe naku. Majalisa na da kwamitin sauraron koke-koken jama'a. Ku fi matsawa tun daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ma'aikatu ke haɗa kasafin baɗi, domin takardar da ta iso a Janairu sai ta jira wata shekara. Bayan wata ɗaya ku koma da kwafinku ku tambayi inda aka kwana.